Layin da Baba Lawan Ya Ƙi Ja

Abin da na fara gani da muka shiga zauren Baba Lawan mai zane shi ne murafai. An jera su a bakin taga daga ƙarami zuwa babba: murfin kwalbar magani, murfin kwalbar lemo, murfin robar man shafawa, har da gindin gwangwanin madara. Bakin kowanne ya yi baƙi. Kusa da su akwai kwalayen ashana guda uku, babu ko tsinke a ciki. Na ɗauka kayan wasan jikokinsa ne aka manta.

Mu takwas Malama Rabi ta kai, duk 'yan ajinmu. Tun da aka dawo da darasin tarihi ita ke koyar da mu, kuma a makon ne ta ba mu aiki mu zano salsalar gidan sarautar Ingila a kan kwali, wato wa ya haifi wa, wa ya gaji wa. Firdausi, wadda bakinta ba ya mutuwa a aji, ta ce ai wannan aikin minti goma ne, a wayar yayanta za ta nemo, a kai wa mai kwamfuta a Gezawa ya fitar. Malama ba ta yi musu da ita ba. Ta ce ranar Litinin in an tashi mu biyo ta, za ta kai mu wurin wanda ya ci abinci da aikin minti goman nan har ya tsufa.

Mun same shi zaune a kan buzu, da wani faffaɗan katako a gabansa an ɗora a kan bulo biyu. A kan katakon akwai babban kwali, an danne kusurwoyinsa da duwatsu. Ni ce ta ƙarshen shiga, don haka na zauna ta wajen kan kwalin, rubutun yana juye gare ni. Duk da haka na karanta sunan da ke can sama: Malam Audu. Na bi ƙasa na ga sunan kakana, na ga na Baffa Alhaji Garba, na ga na babana. Gidanmu ne. An bi komai da tawada ban da wuri ɗaya. A gefe akwai wata da'ira da aka rubuta Ta-Kudu a cikinta da fensir, kuma babu layin da ya haɗa ta da Malam Audu.

Na san maganar, don ba a yin wata a gidanmu sai ita. Ta-Kudu ta tashi a gidan Malam Audu, ta rasu tun ba a haife ni ba. Jikanta Habu ne ke noman albasa a wata gona a fadama, ya ce rabonta ne na gado. Baffa Alhaji ya ce ba 'yar gidan ba ce, 'yar riƙo ce, aro aka ba ta don tausayi, yanzu kuma gida na son abinsa. Ranar Alhamis dattawa za su zauna a gaban dagaci. Dagaci ya yarda da kwalin Baba Lawan, shi ya sa Baffa ya ba shi aikin.

Na buɗe bayan littafin lissafina na riƙe biro.

"Wace ce mai minti goman?" in ji Baba Lawan, bayan an gaisa.

Firdausi ta ɗaga hannu kamar a aji. Ya miƙa mata guntun kwali da fensir, ya ce ta zana babanta da innarta, da iyayensu, da iyayen iyayensu. Ta yi sharr ta gama, ta miƙa masa. Ya kai kwalin kusa da ido.

"Wannan Malam Tanimu na dama, da wannan Malam Tanimu na hagu, takwarori ne?"

"A'a Baba, mutum ɗaya ne. Kakannina maza wa da ƙani ne, shi ya haife su."

"To mutum ɗaya kin ba shi kabari biyu. Wanne za a riƙa kai wa ziyara?"

Muka yi dariya, har Malama. Ya ajiye kwalin ya gyara zama. Ga abin da ya faɗa mana, yadda na samu na rubuta.

"Ni da allo na fara. Babana malami ne a Zakirai, hannuna ya saba da alƙalamin kara tun ina ƙarami. Da na tasa aka kai ni birni wurin Malam Inuwa, mai zana wa kwalejin horar da malamai taswira da kayan bango. Shekara guda ban taɓa tawada ba. Ni ne dama sitaci, ni ne manna alawayyo a bayan kwali don kada ya yage, ni ne fiƙe fensir, ni ne dakan ƙaro. Tawadar kanti tana koɗewa in rana ta buge ta, shi ya sa tamu muke haɗawa, baƙin tukunya da ƙaro. Ja kuwa garurar dukawa ce. In ƙaro ya yi yawa rubutu ya tsattsage, in ya yi kaɗan yaro ya goge shi da yatsa. Wannan kaɗai wata shida na yi kafin hannuna ya gane.

"Aikin farko da ya sakar mini shi ne gidan wani sarkin Ingila mai mata shida. Ba tare ya ajiye su ba, addininsu bai yarda ba. Ɗaya bayan ɗaya. Biyu ya rabu da su, biyu ya sa aka sare musu kai, ɗaya ta rasu a cikin jego, ɗaya ita ta ga bayansa. Yawancin wannan ɗawainiya neman ɗa namiji ne. Na auna kwali na ga ba zai ɗauke su ba. Na ce a raina, mu a garinmu wa ke ƙirga mata a salsala? Wane ɗan wane ɗan wane, shi ke nan. Na zubar da matan aure, na zubar da 'yan'uwa mata, na bar waɗanda suka hau gadon sarauta kawai. Kwali ya yi fes. Na kai wa Malam Inuwa ina jiran ya sa mini albarka.

"Ya duba, ya duba. Sai ya ɗora yatsa a kan sarkin Sikotlan, wanda ya zo ya gaji Ingila bayan 'ya'yan mai mata shidan sun ƙare ba su bar baya ba. Ya ce, 'Lawan, wannan daga ina ya faɗo? Ruwan sama ne ya kawo shi?' Na nemi layin da ya kawo shi na rasa. Ashe yayar sarkin ce aka aurar can Sikotlan, ta wurinta jinin ya bi, tattaɓa-kunnenta ne ya zo ya hau. Ni kuma na share ta don ta cika mini wuri. Malam Inuwa ya yaga kwalin biyu, ya ba ni rabi, ya ce in yi fifita da shi tunda zafi ake. Tun daga ranar ban ƙara zubar da mace ba. Namiji kwalin ashana, mace murfi."

Ya nuna taga da haɓa. A lokacin na gane da su yake zagaye gidan kowane suna, shi ya sa bakinsu ya yi baƙi.

Firdausi ta ce, "To ai Baba, waya ba za ta manta da yayar ba."

"Ba za ta manta ba. Ke ce ba za ki san ki neme ta ba. Bari in tambaye ki. Sarakunan Faransa suna ɗaya suke ta maimaitawa, sai su sa masa lamba. Na sha huɗu, na sha biyar, na sha shida. Na sha biyar ɗan wa ne?"

"Ɗan na sha huɗu."

"Tattaɓa-kunnensa ne. Tsohon ya daɗe a kan gado har ya binne ɗansa da jikansa. Malamai nawa na ji suna koya wa yara abin da kika faɗa. Su dai gara su, suna da lamba. Mu Muhammadu biyar a gida ɗaya, ba lamba, sai Baƙo da Ɗan-Inna da Na-Allah, kuma kowa ya manta wanne ne wanne.

"Aikin da ya fi ba ni wuya shi ne gidan da ya riƙe Sifaniya da Ostiriya. Wani shugaban makaranta ne ya kawo mini littafi, ya ce yana son asalin sarkinsu na ƙarshe a Sifaniya. Salsala ta gari in kana hawa sama buɗewa take yi kamar rassan gawo: iyaye biyu, kakanni huɗu, na samansu takwas. Wannan tana hawa tana tsukewa kamar wuyan tulu. Ba sa son ƙasa ta fita daga gida, don haka ba sa aure a waje. Ɗan wa da 'yar ƙani kam mu ma muna yi. Amma su har kawu ya auri 'yar 'yar'uwarsa, abin da shari'armu ta haramta. Uban sarkin nan kawun uwarsa ne. Haɓa ta yi ta tsawo a gidan, har shi na ƙarshen da ƙyar yake tauna abinci. Ya mutu bai haihu ba, Turai ta kama yaƙi a kan gadonsa. Ƙasar da aka yi ta tsaro ta fita daga gidan dai.

"Kwali uku na ɓata a kansa. Duk inda na ja layi sai ya faɗa kan wani. Daga baya na ajiye fensir. Na kafa allurai a katako, kowace allura mutum ɗaya, na riƙa ɗaura zare daga uwa zuwa ɗa. In zare ya harɗe sai in cire allura in matsar da ita. Kwana tara ina matsar da sarakuna kamar mai dara. Sai da zare ya kwanta sannan na bi shi da fensir, sannan tawada. Daga nan na samu dokoki biyu. Mutum ɗaya, gida ɗaya, ko sau nawa ya zama kakanka. Layi kuma ba ya tsallaka layi sai an yi masa 'yar gada, kada mai karatu ya ɗauka an haɗa jini. Da zaren nan nake warware auren zumuncin garin nan har yau. Malam Tanimunki allura ɗaya ce, zare biyu."

Ya ɗaga wani gwangwani ya girgiza mana, allurai suka yi ƙara. Na lura babban yatsansa na dama ya yi kanta, farcen ya lanƙwashe ciki.

Malama Rabi ta ce, "Baba, ba su labarin shekarar nan."

Ya ɗauki reza ya kankare wani ɗan ɗigon tawada a gefen kwalinmu, ya hure.

"Shekarar da aka cire tarihi daga jadawalin makarantu, ba wanda ya aiko mini da takarda. Rani guda na yi ina zane. Ingila, Faransa, Jamus, Rasha, da na sarauniyar nan ta Ingila da jikokinta suka cika fadojin Turai, suka zo kuma suka yaƙi juna a babban yaƙi. Wannan shugabannin makarantu sun fi so, don yana da faɗi, yana rufe tsagar bango. Na naɗe su na ɗaure a bayan keke, makaranta makaranta. Wannan ya ce malamin tarihin ma yanzu Turanci yake koyarwa. Wancan ya ce in dawo baɗi. Wani saurayin shugaba, ko kujera bai nuna mini ba, ya ce, 'Tsoho, me ya haɗa ɗan manomi da sarkin Faransa?' Na ce masa, 'Gado. Faransa gona ce, ta fi ta babanka girma ne kawai. Yaron da ya ga yadda aka kashe juna a kanta zai san abin da yake kallo ran da aka zo raba taku.' Ya ce masinja ya raka ni ƙofa.

"Damina ta sauka, gara ta shigo ɗaki. Ta cinye Rasha duka da rabin Jamus. Sauran na zuba musu ganyen darbejiya na rataye a rufi. Da kaka ta wuce na tafi Watari ƙwadagon tsinkar tumatir, ni da furfurata. Hannun nan da ba a yarda ya ɗauki turmi ba don kada ya yi rawa, shi ya yi ta ɗaukar kwando. A can na shiga rumfar wani mai shayi, na ga ya toshe taga da kwalina. Wata makaranta ce ta zubar. Sarakunan Faransa ne, a kife, suna tare masa iska. Na ce, 'Malam, aƙalla ka juya shi daidai.' Ya ce me zai ƙara? Na ce ni zai ƙara wa. Ya juya shi. Na sha shayina na tashi.

"'Ya'yana suka ce in sayar da katakon nan in huta. Na ce gwamnati ce ta daina son tarihi, ba mutuwa aka daina ba. Muddin ana mutuwa ana barin gona, za a nemi wanda ya san wa ya haifi wa. A Watarin ma na fara. Wasu ma'aikata biyu suna gardamar dangantakarsu, na zana musu a ƙasa da tsinke, gardama ta mutu. Magana ta kai kunnen wani mai unguwa, ya kira ni. Daga nan gidajen malamai, daga nan dagatai.

"Nan ne na gane na Turawa wasa ne. Su sun rubuta komai, kwafa kawai nake yi. Namu a bakin tsofaffi yake, kuma tsofaffin mata. Maza sun san iyakar gona, mata su suka san wa ya sha nonon wa. To ga matsalar. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ba. Ba za ta faɗi na ɗanta na fari ba. Ba za ta faɗi na surukarta ba. Wa ya rage? Akwai wata a wani ƙauye gabas da nan, sau huɗu ina zuwa da goro ina zama a bayan zana. Ba na tambayarta suna. Sai in ce, 'Iya, yaron nan mai jan akuya, sunan wa ya ci?' Ta ce, 'Mai gidan nan.' In kira yaron in tambaye shi sunansa. Haka na tsinci gida guda, yaro yaro. Je ki gaya wa mai kwamfuta ya zauna a bayan zana.

"Kuma ba na jan layi da baki ɗaya. Sai biyu, kuma ba wanda zai ci gonar a cikinsu. Layi iri biyu ne. Miƙaƙƙe, na haihuwa. Mai ɗigo-ɗigo kuma, a littattafan Turawa na gan shi, wasu suna yi wa ɗan da sarki ya haifa a waje, wanda ba ya gado. Ni na ara na ba 'ya'yan riƙo. Tsakanin layin nan biyu tawadar ba ta kai cikin cokali ba. Amma gona ce."

Yana faɗin haka muka ji mota ta tsaya a waje. Na san ƙarar. Baffa Alhaji Garba ya yi sallama ya shigo, ya tsaya yana kallonmu.

"Makaranta aka buɗe, Malam Lawan? A'a, Safiya, har da ke?"

Na durƙusa na gaishe shi. Malama ta yi masa bayani. Bai zauna ba. Ya leƙa kwalin, idonsa ya tafi kai tsaye wurin da'irar fensir.

"Saura kwana uku, Malam Lawan. Ɗigo nawa ne da za su gagare ka?"

"Ba su gagare ni ba, Alhaji. Ban ji ba ne."

"Ni na gaya maka."

"Kai kana son gonar. Habu ma ya zo ya gaya mini nasa, ban ja masa ba. Baki ɗaya gare ni, tsohon Liman, ya ce 'yar cikin Malam Audu ce. Ina neman na biyu. In ya ce riƙo ce, ba zan ɓoye ba. Tun wancan makon nake roƙonka ka bar ni in je in gaida tsohuwar gidanku. Ita ta zauna da matar Malam Audu."

"Iya ba ta ji, ba ta gane mutane. Kada a wahalar da ita."

Na kalli littafina. Iya kakata ce, uwar babana. Tana jin tafiyar kaza a bayan rumbu, ta faɗi ko ta wace ce.

Baffa ya ce, "To a huta. Cire ta gaba ɗaya. Mace ce, ta yi aure ta bar gida."

"Haka Faransawa suka ce, sarauta ba ta bi ta mace. Sarkin Ingila ya ce shi uwarsa 'yar sarkin Faransa ce, a ba shi abinsa. Aka fi shekara ɗari ana yaƙi."

"Ni ba Bafaranshe ba ne."

"Shi ya sa. Su dokarsu ce ta cire ta. Kai taka ta ba ta rabo."

Firdausi ta sunkuyar da kai, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

"Malam Lawan, akwai yaro a Gezawa. Yau in na kai masa, gobe ya buga mini har da launi."

"Kai masa. Inji ba ya tambaya, shi ne daɗinsa."

"Kwalin nan nawa ne."

"Naka ne. Hannun ne nawa." Baba Lawan ya ɗauke duwatsun da ke danne da kwalin ɗaya bayan ɗaya, ya tura shi gaba. "Ɗauka a haka. Ka kai wa dagaci. In ya tambayi me ya sa nan babu layi, ka ce masa Lawan bai ji ba."

Baffa ya kalli kwalin bai taɓa shi ba. Ya ce zai dawo Laraba da yamma, in bai ga ɗigo ba kada Baba Lawan ya ƙara sa ran aiki daga gidanmu ko gidan wani da ke jin maganarsa. Baba Lawan ya ce gara ma ta cinye masa Rasha bai mutu ba. Baffa bai gane ba, ya fita. Muka ji motar ta tashi.

Baba ya mayar da duwatsun wurinsu. Firdausi ta ce, a hankali wannan karon, "Baba, in ba a samu baki na biyun ba fa?"

"Sai Alhaji ya je gaban dagaci da takardar inji mai launi, Habu ya je da bakinsa da ƙafarsa mai taɓo. Ke wa kike gani zai tashi da gonar?"

Ya raba mana guntayen kwali, ya ce kowa ta fara da gidansu kafin ta taɓa Ingila, kuma duk wadda ta kawo masa zane babu murfi ko ɗaya ta tanadi fifita. Da ya zo kaina bai tambaye ni 'yar gidan wa ce ba, ya riga ya ji. Ya ba ni nawa kamar na kowa.

A hanya sauran suna ta maganar sarkin da ba ya iya tauna abinci. Ni abin da nake juyawa daban ne. Kowa a gidanmu in zai ambaci gonar nan cewa yake gonar fadama. Iya kaɗai ke cewa gonar Ta-Kudu, kuma ba ta taɓa gyarawa ba ko Baffa na wurin. Na kuma tuna injin ban ruwan da babana ke shayar da tattasai da shi duk rani na Baffa Alhaji ne, kuma a motarsa ake kai amfaninmu kasuwa. In Iya ta buɗe baki, ba sai an gaya wa Baffa wa ya kai maganar ba. Ya gan ni da biro a zauren.

Na isa gida bayan la'asar. Inna tana wajen rijiya, babana bai dawo daga gona ba. Iya na zaune a inuwar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, ta ba ƙofa baya.

"Safiya, ɗaga ƙafarki. Takalmi ba a jan sa a ƙasa," in ji ta, ba ta juyo ba.

Na ajiye jaka na zauna kusa da ita, na ɗebi gyaɗa na fara ɓara. Mun kusa cika ƙwarya ban yi magana ba. Ita ce ta ce, "Yau kuma me aka koya muku da ya ɗaure miki baki?"

Na gaya mata. Na ce mun je wurin mai zane, na ga gidanmu a kwali. Na ce kowa na da layi ban da Ta-Kudu. Na ce Baffa ya ce ita Iya ba ta ji, ba ta gane mutane.

Hannunta ya tsaya a kan gyaɗar. "Garba ne ya faɗi haka?"

"Shi ne."

"Ni na yi masa wanka yana jariri da hannun nan," in ji ta. Ta ci gaba da ɓara, da ƙarfi fiye da ɗazu.

Na matso na rage murya, don na ji guga ya daina ƙara a rijiya.

"Iya, ba sai kin faɗi sunan surukarki ba, ba sai kin faɗi na kowa ba. Abu ɗaya mai zanen yake son ji, wa ya haifi Ta-Kudu, ko ta wane gefe maganar ta faɗa. Na san babana zai yi mini faɗa, na san Baffa zai karɓe injinsa. Gobe in na taso daga makaranta, ki ce za ki gidan Goggo dubiya, ni zan riƙe miki hannu mu biya wurin mai zanen. Don Allah, Iya, ki zo mu je."